Gezar Doki a Buroshin Kumfa

A shekarata ta biyu a Riyadh na sayi mota. Tsohuwa ce 'yar Japan, shuɗiya mai duhu, wani Bamisire abokin aikina ya sayar mini da zai koma gida. Aikina a asibiti gwajin jini ne da fitsari, amma Hausawan garin duk Likita suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina zaune a unguwar Al-Shifa. A waɗannan shekaru na tamanin unguwar ba ta cika ba, gida nan, fili can, rairayi ko'ina. Mota mai duhun fenti a irin wannan wuri wahala ce, ka wanke ta da safe, kafin la'asar ta koma launin ƙasa.

A bakin babban titi, bayan wani gidan mai, akwai wurin wankin mota irin wanda mutum ke wanke abinsa da kansa. Rumfa huɗu ce a jere. Ka shigar da motarka, ka jefa kwandala a akwatin bango, ka murɗa maɓalli. In ka murɗa hagu, bindigar ruwa ta kama aiki. In ka murɗa dama, sai buroshi: wani mai dogon mariƙi, mesa ta sauko masa daga sama, kumfa na ɓulɓulowa ta cikin gashinsa. Ban taɓa ganin irinsa a Zariya ba, amma ban yarda in tambayi kowa ba, wai kada a ce baƙauye ya zo.

Ran nan na dirje tayoyi huɗu da buroshin sosai, na ɗaga shi zan ɗora a kan bonet, sai na ji murya a bayana da Hausa.

"Kai, bawan Allah, tsaya!"

Na waiwaya. Wani dattijo ne siriri, baƙi, da ɗan gemu mai furfura, sanye da shuɗiyar rigar aiki wadda rana ta cinye launinta. Hular kaina ce ta tona ni. Ko sallama bai yi ba ya karɓe buroshin daga hannuna, ni kuma raina ya ɓaci, don lokacin da na saya da kwandalata yana tafiya. Na ce masa, "Malam, lafiya? Ai kuɗina na sa."

Ya buɗa gashin buroshin da yatsu biyu, ya kamo hannuna, ya goga mini a cikin tsintsiyar hannu, inda fata ba ta da kauri. Na ji kamar an goga mini yashi, kuma yashin ne. Ya ce, "Abin da za ka yi wa fentinka ke nan. Daga sama ake farawa, taya ce ƙarshe." Ya ɗauraye buroshin da bindigar ruwa, ya zaro kwandala daga aljihunsa ya jefa mini a akwati, sannan ya ce, "Salamu alaikum. Mutumin ina ne?"

Shi mutumin Damagaram ne, ɗan gidan dukawa, ya haura hamsin. Aikin Hajji ya fara kawo shi ƙasar, daga baya wani tsohon Balarabe, mai wurin wankin, ya zama kafil ɗinsa, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, ya ɗauke shi ya kula da injuna. Yana haya a Al-Oud da wasu 'yan ƙasarsu. Ni Baba nake ce masa, shi kuma Likita. Ni in ce mesa, shi ya ce tiyo, kuma har muka rabu ba wanda ya bar nasa.

Da farko wanki ke kai ni. Daga baya na lura ina zuwa ko motar ba ta yi datti ba, musamman ranar Alhamis da ba na aiki. Hira ce ke kai ni, da kuma kallo, don ban taɓa gajiya da kallon mutumin nan yana aiki ba.

Da ya iso da safe, sai ya kwance kawunan buroshin huɗu ya jiƙa su a bokiti, ya taje kowanne da matajin ƙarfe, layi-layi, har sai ruwan ya daina yin laka. Kowanne sai ya gwada shi a fatar hannunsa kafin ya mayar. Daga nan ya shiga ɗan ɗakin injuna, inda tankin sabulu da famfo da injin iska suke. Ya ce mini kumfa abu uku ce, ruwa da sabulu da iska. In iska ta yi yawa, kumfar ta bushe tun ba ta sauka a jikin mota ba. In ta yi kaɗan, ta tsiyaye kamar koko. Ba ya duban agogon injin, wanda dama ya daɗe da mutuwa. Sai ya tara tafin hannu, kumfa ta cika shi, ya kife. In ta ɗan tsaya kafin ta faɗi, to ta yi.

Ruwan Riyadh gishiri gare shi, yana toshe ƙananan ramukan da kumfa ke bi da wani farin abu mai tauri. Duk Juma'a da yamma yakan jiƙa ƙarafan a cikin khal, ruwan tsamin Larabawa, ya bi ramukan da allura. Rana kuma tana fasa mesa, musamman inda ta haɗu da mariƙi. Kamfanin da ya yi injin bai san da ranar Riyadh ba, amma ɗan dukawa ya sani: ya ɗinka wa kowace gaɓa rigar fata, ɗinki mai kyau irin na kube, har wasu Larabawa kan tsaya suna shafawa. Mutane kan yar da buroshi a ƙasa in sun gama, sai ya yanko bututun roba ya kafa a bangon kowace rumfa, ya zana kibiya da jan fenti. Wanda ya yar duk da haka, ba ya masa faɗa. Zuwa yake ya ɗauka a gabansa, ya ɗauraye a hankali yana dubansa, har kunya ta kama mutum.

In lokacin salla ya kusa, yakan tsaya a bakin shiga ya hana kowa farawa, don kada a kira salla a kashe wuta kumfa ta bushe a jikin mota. "Ba'ad salah, ya shaikh," yake cewa, wato sai bayan salla, yana murmushi amma ba ya matsawa.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa. Gashin buroshin na roba ne, kuma ya tsufa. Bakinsa ya yi kaifi, ya lanƙwashe, ba tajewar da za ta gyara shi. Wata rana wani mai sabuwar baƙar mota ya wanke ta, da ya fito rana sai ga zane-zane a jikinta kamar kyanwa ta yi wasa a kai. Ya je har gidan kafil ya yi masa tijara. Kafil ya zo ya ce ya gaji. Akwai kamfanin da ke son karɓar kula da wurin, su cire buroshi gaba ɗaya su bar bindigar ruwa, ma'aikacinsu ya riƙa leƙowa sau ɗaya a mako. In aka yi haka ba a buƙatar Baba. Iƙamarsa kuwa, takardar zamansa a ƙasar, saura wata biyar ta ƙare, kuma kafil ne kaɗai ke sabunta ta. Mutum mai shekarunsa in ya fita, ba mai sake ɗauko shi. Yana da mata da 'ya'ya shida a gida, kuma aikin nan ne ke riƙe da su.

Baba ya roƙi kafil ya ba shi dama a sauya kawunan buroshin da masu kyau. Kafil ya jefo masa wani littafin kaya mai hotuna da dillali ya bari, duk da Turanci, ya ce ya zaɓa. Baba yana karanta Larabci da ajami, Turanci kuwa ko alif. Sai ya jira ni.

Wannan rana na ji ni wani ne. Na zauna a kan bokitin da aka kife, na gyara tabarau, ina buɗa shafi ina yatsina. Na nuna masa wani da aka rubuta cewa gashinsa na dabba ne na asali, ba roba ba, ya fi kowanne laushi, yana riƙe kumfa, ba ya karce fenti. Ya ce, "Wace dabba?" Na ce, "Baba, ina ruwanka, Turawa sun san abin da suke yi. Wannan shi ne na ɗaya." Akwai ƙananan rubutu a ƙasan shafin. Na gan su, ban karanta ba, don na riga na gama cika baki.

Bayan wata biyu kwali ya iso. Ban taɓa ganin buroshi mai kyau irin waɗannan ba. Gashin dogo, ruwan ƙasa-ƙasa, mai laushi amma da ƙarfinsa. Baba ya rage iska kaɗan, ya ƙara sabulu, kumfa ta riƙa kwanciya a jikin mota lub. Labari ya bazu. Kafin mako ya zagayo, layin motoci ya kai bakin titi. Kafil ya zo ya dafa kafaɗar Baba ya ce masha Allah. Ni kuma na bi gari ina ba da labarin yadda na ceci wurin wanki, har a ɗakin shan shayi na asibiti.

Kwana goma sha ɗaya da ɗaura su, na je da yamma na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakin injuna da wata 'yar takarda a hannu, wadda ta zo a cikin kwalin. Ya miƙo mini ya ce, "Likita, karanta mini. Har ƙananan. Kada ka tsallake komai."

Na fara karantawa ina fassarawa, yadda ake ɗaurawa, yadda ake wankewa. Da na zo layin ƙarshe sai bakina ya tsaya. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa gashin alade ne zalla.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in tsallake. Amma yana kallon bakina, kuma ya ga inda na tsaya. Na faɗa masa. Ya ce innalillahi a hankali, ya karɓi takardar ya ninke. Ya ce kafil zai zo ran Asabar, zai gaya masa.

Nan na tashi da faɗa. Na ce wa ya sani? Kwalin ya wuce kwastan, ba wanda ya ce uffan. Mota ake wankewa, ba ci ake yi ba. Na ce ya tuna da 'ya'yansa, ya yaga takardar nan mu huta. Gaskiyar magana, ba 'ya'yansa kaɗai nake ji ba. Ina tsoron a ce ma'aikacin asibiti ne ya shigo da kayan alade, maganar ta kai wurin aikina. Na san mutanen da aka sa a jirgi kan abin da bai kai wannan ba.

Da na ga bai motsa ba, washegari na ɗauko masa wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun fiƙihu a jami'a, mutum mai natsuwa wanda Baba ke girmamawa. A hanya na riga na shirya shi. Ustaz ya zauna ya yi bayani tsakani da Allah. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda aka karantar da mu a gida, gashin da aka aske mai tsarki ne, ko na wace dabba ne. Ya ce malaman nan ƙasar dai sun fi tsanantawa, da yawansu najasa suke ɗaukarsa. Na yi ta gyaɗa kai a kan rabin farko.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ustaz, na ji, Allah ya ƙara ilimi. Amma motocin nan ba na Damagaram ba ne. Mutum zai kama abin nan da jiƙaƙƙen hannu, kumfa ta fantsama a farar rigarsa, ya wuce masallaci. Nasa malamin ba haka ya gaya masa ba. In ya sani ya yarda, ruwansa. To bai sani ba, ni ne na sani."

Ustaz ya dube ni ya ce, "Likita, ni kam ba ni da abin ƙarawa." Na mayar da shi makaranta.

Ran Asabar na je, don Baba ya ce kafil zai so wanda zai karanta masa takardar. Kafil tsoho ne mai jiki, da sanda, da wata doguwar baƙar mota 'yar Amurka wadda yake ji da ita. Baba ya gaya masa da Larabcinsa na kasuwa, ba kwana-kwana. Na karanta layin. Tsohon ya ja da baya daga buroshin da ke rataye, yana a'uzu billahi, yana goge hannu a jikin rigarsa, ko da yake bai taɓa komai ba. Sannan ya buga sanda a ƙasa ya ce wa ya zaɓo wannan abu.

Baba ya ce, "Ana." Wato ni.

Ina tsaye a wurin, takardar a hannuna. Ko yaro ya san wanda ke karanta Turanci a cikinmu. Abin da ya rage mini kawai in buɗe baki in ce a'a, ni ne. Ban buɗe ba. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina, kuma har yau in na tuna wannan tsayuwa sai na ji kunya ta rufe ni.

Kafil ya yi faɗa mai yawa. Ya ce a cire su yanzu-yanzu, a wanke duk inda suka taɓa sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya ce ba zai sake sayen komai daga littafin kowa ba. Ya ba Baba wata ɗaya. In ƙarshen wata ya zo babu buroshin da zai iya ɗorawa a kan motarsa shi kansa, zai kira kamfanin nan, shi ke nan, khalas.

Da ya tafi na ce, "Baba, yanzu ina mafita?" Yana riƙe da ɗaya daga cikin sababbin kawunan, yana jujjuya shi. Ya ce gashin ne haram a wurinsu, ƙarfen ai ba ruwansa. Ya ce kakansa da izgar doki yake yin abin korar ƙuda, da gezar kuma yake yin abin kakkaɓe sirdi. Ya tambaye ni ko motata za ta iya kai mu bayan gari.

Ya tuge gashin aladen tas da filaya, ya haƙa rami a bayan fili ya binne. Ya wanke ƙarafan yadda kafil ya ce, ina ƙirga masa. Ya mayar da tsofaffin buroshin roba a rumfuna, ya rubuta gargaɗi da Larabci a bango cewa masu sabon fenti su yi haƙuri da bindigar ruwa. Layin motoci ya watse.

Ran Alhamis muka nufi wajen gari, inda masu hali ke ajiye dawakai. Wurare uku aka kore mu. Wa zai yarda a taɓa wutsiyar dokinsa saboda wankin mota? A na huɗu muka sami wani Basudane mai kula da barga. Baba bai roƙe shi komai ba da farko. Ya ga wani linzami da ɗinkinsa ya kwance a rataye, ya ciro basilla da zare daga aljihu, ya zauna a ƙasa ya ɗinke shi suna hira. Basudanen ya jujjuya ɗinkin, ya shiga ciki ya fito da wasu guda uku. Da za mu tafi ya ba mu buhu cike da gashin da suke tajewa da wanda suke datsewa daga geza da wutsiya, ya ce mu dawo wani mako. Motata ta yi wata guda tana warin barga.

Aikin da ya biyo baya shi ne abin da na fi so in tuna. Ya wanke gashin da sabulu, ya shanya a inuwa, ya ware shi tsawo-tsawo. Kowane kan buroshi yana da ramuka fiye da yadda nake zato. Ya huda kowane rami ya fita ta baya, ya zura siririyar waya wadda ba ta tsatsa, ya ninka ɗan damin gashi biyu, ya ja shi ciki da wayar har ya zauna daram, ya wuce rami na gaba. Duk wannan a tsakanin aikinsa na kullum yake yi, a ƙofar ɗakin injuna, in mota ta shigo ya ajiye ya tashi.

Na farko da ya gama, geza zalla ya sa, don ita ce mai laushi. Da kumfa ta jiƙa ta sai ta kwanta ta manne, ta toshe ramukan kumfar, abin ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kwana biyar ya tafi a banza. Ni na fara zage-zage, shi kuwa ya ɗauki filaya ya tuge. Na biyu ya sa izga zalla. Ta tsaya da kyau, amma da ya goga a hannunsa sai ya girgiza kai: bakin da almakashi ya yanka yana da kaifi. Ya yi kwana biyu yana tunani. Daga nan ya jera izga a da'irar waje ta zama katanga, ya cika tsakiya da geza, ya bar fili kaɗan a kewayen kowane ramin kumfa. Da ya datse bakin ya daidaita, sai ya samo dutse mai santsi, ya jiƙa shi, ya yi ta goga bakin gashin a kai, awa da awanni, yana gwadawa a hannu, yana komawa. A ƙarshe a kumatunsa yake gwadawa.

Ni aka ba ni ware gashi. Laifin da ke cina ne ya sa nake zuwa kullum bayan aiki, amma ban iya ba. Sai in haɗa gajere da dogo, ya karɓa ya ce sannu da ƙoƙari, in na juya baya ya sake warewa. Wayar ta yayyanka masa yatsu, na kawo masa filasta daga asibiti, ita ce kaɗai gudummawar da na san ta yi amfani. Cikin watan nan bai taɓa ambata mini zancen littafin kaya ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata ya cika da kai biyu kacal a hannu. Kafil ya zo da hantsi, ya shigar da baƙar motarsa rumfa ta farko da kansa. Ya karɓi buroshin ya duba, ya shinshina. Baba ya miƙa masa wani dami da bai datse ba. Tsohon ya ja shi tsakanin yatsunsa, ashe ya san doki, ya ce wannan wutsiya ce, wannan geza. Ya tambayi inda aka samo, aka gaya masa. Ya miƙa mini sandarsa in riƙe.

Baba ya jefa kwandala, ya murɗa maɓalli. Kumfa ta fito ta cikin gashin, fara, mai kauri. Tsohon ya ɗora a kan bonet ya goga da ƙarfi, ƙarfin mai neman laifi. Ya ɗauraye, ya ja motar baya zuwa cikin rana, ya jira ta bushe. Ya sunkuya ya karkata kai yana duban fentin ta gefe, ya zagaya ya duba ta ɗaya gefen. Baba yana tsaye da hannuwa a baya.

Kafil ya miƙe, ya karɓi sandarsa. Ya nuna sauran rumfuna biyu ya ce saura waɗancan. Ya buɗe ƙofar mota, har ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya ce wa Baba gobe ya kawo masa hotuna biyu da tsohuwar iƙamar, za a kai ofis.

Da motar ta fita titi, na zauna a kan bokiti. Baba ya shiga ɗakin injuna ya jima. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya zauna ya jawo kai na uku da buhun gashi.

Sai a lokacin na sami bakin magana. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na zaɓo abin nan, ni na ƙi karantawa, kuma ranar da ya tambaya na yi shiru na bar ka. Ka rufa mini asiri, ban cancanta ba."

Bai ɗago ba, yana zura waya. Ya ce, "Ba asirinka na rufa ba, Likita. Gaskiya na gaya masa."

Na ce wace gaskiya, alhali ni na nuna hoton da yatsana.

Ya ajiye wayar. Ya ce, "Ni ɗan dukawa ne. Tun ina yaro nake taɓa gashin dabba. Ranar da aka buɗe kwalin nan, da na sa hannu na san ba doki ba ne, ba akuya ba, ba raƙumi ba. Bakin kowane sili a tsage yake gida biyu ko uku. Na taɓa ganin irinsa a buroshin wani Bature a can gida, an kuma gaya mini ko na mene ne. Na sani tun ran nan." Ya ci gaba da cewa, "Sai na ga layin motoci, na ga tsohon nan ya dafa ni, na tuna iƙama. Na ce gobe zan ba Likita takardar ya karanta. Gobe ta yi na ce jibi. Kwana goma sha ɗaya ina miƙa wa mutane abin nan da hannuna, ina ce musu bismillah. In na tsaya salla sai ya zo mini. Kai ba ka sani ba, ni na sani na yi shiru. To da wane baki zan ce kai ne?"

Duk watan nan ina ganin girmansa ne a kan cewa shi ba ya jin tsoro, ni ne matsoraci. Ashe tsoron da ya kama ni ya riga ya kama shi, ya kwana da shi goma sha ɗaya shi kaɗai, iyalinsa na kan sikeli, sannan ya tashi ya miƙo mini takardar ya ce kada in tsallake komai. Ban taɓa ƙaunar mutumin nan kamar wannan hantsi ba, kuma ban iya gaya masa ba.

Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauki wayar, ya laluba ramin da ya tsaya.